Shuɗin Maɗauri

"Malama, wallahi yadda kika koya mana haka na yi..."

Sajan ne yake magana, dattijo mai furfura, wandon kakinsa ya jiƙe da jini har gwiwa. Suna tsaye a barandar asibiti gaban ɗakin tiyata, rana ta take tsaka. Minti ashirin ke nan da aka shige da Kofur ciki, mutumin da saura kwana talatin da huɗu ya zama mijinta. Wasu ne suka buɗe wa shingensu wuta da hantsi, harsashi ya same shi a cinya.

"Jakarsa na buɗe, ba tawa ba. Na ɗaura maɗaurin can sama, na ja, na kama sandar ina murɗawa. Ɗaya, biyu... a ta uku ta karye a hannuna."

"Ba ta karyewa," ta ce, muryar kamar ba tata ba. "Sabo ne, Sajan. Sandar sabon maɗauri ba ta karyewa."

Bai yi mata musu ba. Hannu ya sa a aljihu ya ciro abin, ya ɗora mata a tafi.

Shuɗi ne.

Duk wanda ya taɓa zama a ajinta ya san baƙin maɗaurin tsayar da jini shi ne na aiki, shuɗi kuwa na gwaji ne, wanda hannu ɗari ya ja ya murɗa har ya gaji. A jikin wannan, wurin da ake rubuta lokaci, akwai rubutun alƙalamin maka da ya fara koɗewa: sha biyu saura kwata. Rubutunta ne.

Ta zauna a kan benci.

Shekara shida ke nan tana koya wa sojoji da 'yan sanda yadda ake tsayar da jini kafin a kai mutum asibiti. Ajinta wani dogon ɗaki ne a bayan bariki, fanka biyu, ɗaya ta daɗe da mutuwa, sai tabarmin roba da galan na jan ruwa da take zubawa a ƙasa don su ga yawan abin da jiki yake iya zubarwa a minti uku. Ba ta da tsawo, ba ta da jiki, amma bakinta ya ishe ta. Ta taɓa tsayar da Manjo guda a gaban yaransa ta ce masa ɗaurinsa ko akuya ba zai riƙe ba. A bayan idonta Sarkin Faɗa suke ce mata. Ta sani, kuma sunan yana yi mata daɗi.

Dokokinta ba su da yawa. Wanda ya faɗi, da jakarsa ake yi masa aiki. Maɗauri a aljihun waje yake zama, inda hannu zai kai ko ido a rufe. Shuɗi kuwa ba ya fita daga aji.

Sai ga Kofur, dogo, bahago, mai dariyar da ba a tambaye shi ba. Kowa yana gama ɗaura wa kansa da hannu ɗaya cikin daƙiƙa talatin, shi sai ya ci minti ɗaya da rabi yana kokawa da igiya.

"Kofur, ka mutu."

"Na mutu, Malama?"

"Tun ɗazu. Gawarka ce yanzu take murɗa sanda."

"To, Allah ya ji ƙaina. A sake."

Aji ya kwashe da dariya, ita ta haɗe rai. Kwana tara tana yi masa faɗa, shi yana karɓa kamar ana ba shi kyauta. A na goma ya gama cikin daƙiƙa ashirin da takwas. Ta duƙa ta sa yatsa a wuyan hannunsa, babu bugun jini, ɗauri ya yi. Ta ɗauki maka ta rubuta lokacin a jikin maɗaurin kamar yadda ake yi wa mai rauni na gaske.

"Yau ka rayu," ta ce.

"Ai tun ranar farko na iya," ya faɗa ƙasa-ƙasa. "Faɗan ne ba na so ya ƙare."

Ranar da aka raba musu jakunkunan agaji, kowa da baƙin maɗauri sabo fil, bandeji, almakashi da safar hannu, ya tsaya har kowa ya watse. Shuɗin nan ya roƙa. Dama ya tsufa, yana cikin kwalin waɗanda za a zubar.

"Me za ka yi da shi?"

"Abin da ake yi da hoton masoyi."

"A akwati za ka ajiye shi, ka ji ko?"

"Na ji, Malamata."

Ba ta taɓa karya dokar aji ba sai ranar.

Soyayya ta kama su ba sauƙi. Shi yana ce mata Masifaffiyata, ita tana ce masa Bahagona, kuma babu haɗuwar da za su yi ba ta samu abin yi masa faɗa a kai ba: takalmin da bai goge ba, abincin da bai ci ba, gudun da yake yi a kan babur. Shi kuwa sai ya tallabe haɓa yana kallonta.

"Ci gaba mana, zuciyata. Ai ban ƙoshi ba."

Gida biyu kuwa babu wanda ya yi murna. Yayanta, wanda ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinsu, ya ce sam.

"Mai kaki? Ke da kike ganin yadda ake kawo su? So kike ki zama bazawara kafin ki cika talatin?"

Mahaifiyar Kofur kuma nata dalilin daban.

"Yarinyar da aikinta taɓa cinyoyin maza daga safe zuwa yamma? Duk matan garin nan ka rasa ta zaɓa sai ita?"

"Mama, rai take ceto."

"Ta je ta ceto. Ba sai a gidana ba."

Wata bakwai suna lallashi. Mama ta gaji ta ce ya yi abin da ya ga dama, wanda a bakinta shi ne amincewa. Yaya ya fi taurin kai, amma shi ma wata Laraba ya kira ta ya ce ta gaya wa dogon nan ya turo manyansa.

Washegarin wannan Larabar aka yi binciken jakunkuna, wanda ake yi duk wata uku. Jaka arba'in a jere kan teburi, kowa yana tsaye bayan tasa. Tana tafe tana buɗewa, ranar ko ƙasa ba ta jin tana takawa. Duk da haka ta wanke wani da ya bar maɗaurinsa cikin leda, ta tambaye shi ko da haƙori zai yage ta idan hannunsa ya tafi. Ta zo kan jakar Kofur, ta zuge aljihun waje.

Shuɗin ne a ciki. Baƙin yana can ƙasan jaka, an danne shi da bandeji.

Ta ɗago ta dube shi. Yana tsaye ƙyam, idonsa a kan bango, gefen bakinsa yana rawa.

"Mene ne wannan?" ta ce a hankali.

"Duk inda na je hannuna yana kansa," ya ce ba tare da ya motsa leɓe sosai ba. "Kamar kina nan."

Da wani ne, da ta ɗaga abin sama ta nuna wa duniya, ta ƙwace, ta sa shi ya maimaita aji. Kalmomin ma sun zo mata har baki. Amma daɗi ya riga su. Wace mace ce za a gaya wa haka, jiya-jiya an ba da ita, ta iya ɗaure fuska?

"Ka cire shi idan ka koma gida," ta ce, da muryar da ko yaro ba zai ɗauke ta umarni ba.

Ta maida zif, ta yi masa alamar daidai, ta wuce. Ba ta lura Babban Malami, shugabanta a makarantar, yana bayanta da tabaraunsa ba.

Kwana goma sha ɗaya tsakanin wannan murmushin da bencin asibiti.

Kofur ya rayu. Likita ya fito wajen la'asar ya ce kafin Sajan ya tono baƙin maɗaurin daga ƙasan jaka jini ya riga ya zuba da yawa, ba su samu sararin tsayawa gyaran jijiyar ba, dole suka zaɓi rai. Sun yanke ƙafar daga saman gwiwa. Mama ta rungume Malama tana kuka, karon farko da ta taɓa ta.

"'Yata, da ba don abin da kika koya musu ba da gawarsa zan tarar. Ki yafe mini maganganun da na yi."

Da Mama ta zage ta, da ya fi mata sauƙi.

Kwana uku bayan haka Babban Malami ya kira ta ɗakin ajiyar kaya ya tura ƙofa. Shekara biyu yana nemanta tana kaucewa, kuma irin mutanen nan ne da ba sa manta an ƙi su.

"Kwamiti zai zauna ranar Litinin," ya ce yana goge tabarau. "Shuɗin yana hannunki, ni kaɗai na ga abin da ya faru ranar bincike. Zan rubuta cewa Sajan ne ya ruɗe ya murɗa ba daidai ba."

"Sajan bai yi kuskure ba."

"Saura masa wata bakwai ya ajiye aiki. Me zai rasa? Ke ce da asara. Aikinki, sunanki..." Ya matso. "Kuma ki dubi gabanki da kyau. Mai ƙafa ɗaya za ki aura? Ni ina nan, ban je ko'ina ba."

Ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Ranka ya daɗe, da ƙafa ɗaya ya fi ka tsayuwa."

Ita ce magana mai zafi ta ƙarshe da ta fita daga bakinta na tsawon watanni.

Ranar Litinin ta shiga gaban kwamiti ta ajiye shuɗin a kan teburi, ta faɗi komai: ita ta ba shi, ita ta gani a jakarsa, ita ta sa hannu. Aka wanke Sajan. Ita aka cire ta daga aji, aka maida ta ɗakin ajiya tana naɗe bandeji. Babban Malami kuwa bai jira Litinin ba, tun ranar Asabar ya je gaida mara lafiya, ya ja Mama gefe ya gaya mata abin da ya gani ranar bincike.

Mama ba ta yi ihu ba. A bakin ƙofar ɗakin ta tare ta, idonta a bushe.

"Kin gani?"

"Na gani, Mama."

"Da idonki?"

"E."

"An ce har manya kina tsayarwa ki wanke su tas. Ɗana kaɗai kika ga ya dace ki yi wa murmushi?" Ta girgiza kai. "Da ƙin sa kika yi, yarinya, da yanzu yana tafiya da ƙafarsa."

Ta hana ta shiga kwana huɗu. A na biyar ita da kanta ta aika a kira ta, don ɗan nata ya ƙi cin komai.

Yana jingine da filo, ya rame, bargo ya kwanta fayau a inda ƙafar dama take a da. Ya ganta ya yi murmushin nan nasa.

"Masifaffiyata. Na ji kin je kin kai ƙarar kanki."

Ta durƙusa a gefen gadon, kuka ya ƙwace mata.

"Ka yafe mini... Don Allah ka yafe mini..."

"Ke kika sa shi a jakar? Kin ce in cire, na ƙi. Tashi mana. Ki ce mini wawa, mu wuce wurin."

Ba ta iya ba. Hannunsa ta kama tana ta ba shi haƙuri.

Aka ɗage auren zuwa ya warke. Yaya bai ce ai na gaya miki ba, kuma shirunsa ya fi maganar ciwo. Kullum ta tashi daga aiki sai asibiti, da aka sallame shi kuma sai gidan Mama. Ita ke wanke dungulmin ƙafar, ta naɗe shi, ta jera magunguna, ta gyara filo. Ta zama mai taushi kamar auduga. Idan ya ce ruwa, kafin ya rufe baki ta miƙo. Idan ya ƙi motsa jikin da aka ce ya riƙa yi, sai ta ce ya huta, gobe ma rana ce. Ya zubar da magani a gabanta, ta tsince ta ce ba komai. Wata rana ya kwance bandejin da ta ɓata rabin awa tana naɗawa, yana kallon cikin idonta. Ta ɗauko sabo ta sake, har da sannu.

Duk wanda ya gani sai ya ce ya yi dacen mata. Har Mama ta fara saukowa, tana ajiye mata abinci a rufe. Shi kaɗai ne dariyarsa take raguwa.

Wata uku a haka. Wata ranar Asabar da yamma ta same shi a barandar gida, sandunansa a jingine da bango, an naɗe ƙafar wandonsa an maƙale da fil. Mama ta shiga maƙwabta. Ta ajiye jakarta ta durƙusa za ta duba ciwon.

"Bari. Zauna a kujera."

Ta zauna.

"Jiya na gwada hawa babur," ya ce.

"Babur?"

"Na faɗi a bakin kwata. Ɗinkin ya ɗan buɗe."

"Sannu... Bari in gani, Bahagona. Ba komai, zan gyara."

"Ba komai?" Ya yi wata dariya mara daɗi. "Mutum mai ƙafa ɗaya ya hau babur, ya faɗi, ya buɗe ciwonsa, Sarkin Faɗa ta ce ba komai?"

Ta sunkuyar da kai.

"Dube ni, zuciyata. Wata uku ina neman ki. Na zubar da magani, na ƙi abinci, na yi duk abin da na san zai tayar miki da rai. Kullum wata baiwar Allah ce take zuwa, mai kama da ke, tana ce mini sannu."

"Ni ce..."

"Ba ke ba ce. Ƙafar nan na haƙura da ita, wallahi na haƙura. Amma duk sanda kika shigo, ƙafar kike fara kallo kafin fuskata. Ina ganin ranar binciken nan a idonki. Ni ma sai in koma can, in sake tsayawa bayan teburin. Mutum ba zai warke ba idan kullum ana ba shi haƙuri."

"To me kake so in yi? Faɗa mini, zan yi."

"Kin ji ko? Zan yi. Da can cewa za ki yi wa ya aike ni." Ya matso da kujerarsa har gwiwarsa ta taɓa tata. "Ki yi mini faɗa. Yanzu. Ni na sa shuɗin a jaka, ni na danne baƙin a ƙasa, ni na yi wasa da abin da kika shekara shida kina koyarwa. Na jawo aka raba ki da ajinki. Ki gaya mini ni wane ne. Kalma ɗaya ta ishe ni, gobe in tura a sa mana rana."

Ta ɗago. Ta buɗe baki. Tana son sa kamar ranta, kuma ta san gaskiya ya faɗa, ta san kalma ɗayar nan ita ce aurenta. Ta ja numfashi irin wanda take ja a gaban aji. Sai idonta ya sauka da kansa, ya tsaya kan fil ɗin da ya riƙe ƙafar wandon.

Ya jira. Wani mai gyaran takalmi ya wuce a layi yana buga akwatinsa, har ƙarar ta ɓace yana jira.

"Ka yi haƙuri," ta ce.

Ya lumshe ido. Da ya buɗe su sun kaɗa sun yi ja.

"Shi ke nan," ya ce a hankali. "Ba zan aure ki ki ƙare rayuwarki a durƙushe ba. Ina son ki da yawa, ba zan iya kallon wannan ba. Ki daina zuwa, Malama."

"Bahagona..."

"Ki gaida Yaya."

Ya jawo sandunansa, ya miƙe da ƙyar. Ta zabura za ta tallafe shi, ya ɗaga mata hannu. Shi kaɗai ya shiga ciki, ƙwas, ƙwas, ya saki labule.

Ba ta san yadda ta fito layin ba. Ta wuce shagon mai walda, ta wuce inda ake sayar da katifu, ta tsaya a bakin titi inda ake jiran mota. A nan, tsakanin wata mata mai goyo da wani mai ɗauke da buhu, abin ya taso mata tun daga ciki, cikakke, da zafinsa.

"Wawa kawai!" ta faɗa da ƙarfi. "Dogon banza mara jin magana! A akwati na ce ka ajiye shi, a akwati! Wa ya ce maka jakar agaji wurin ajiye soyayya ce? Kuma babur? Da wace ƙafar za ka taka birki?"

Mai goyon ta ja da baya. Mai buhu ya waiga yana neman wanda ake yi wa.

Ta juya da sauri, hawaye yana zuba. Gidan ba nisa, ga rufinsa can ana hangowa, minti biyar ta isa. Ta yi taku uku, huɗu. Sai ta hango kanta tana ɗaga labulen, ta hango inda idonta zai fara sauka, ta ji maganar ta fara narkewa a bakinta tun ba ta kai ko shagon mai katifu ba.

Ta tsaya a nan har mota ta zo. Yaron motar ya tambaye ta sau biyu ko za ta tafi.

Ta shiga.